Agogon da Aka Hana Lilo

Shagon Mai Agogo ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu, su biyun ma sai ɗaya ya matse cikinsa. Yana maƙale ne tsakanin mai gyaran waya da wata mai sayar da zare da maɓalli, a layin da ke bayan makarantar firamaren unguwar. Bangon shagon cike yake da agoguna, kuma ba a taɓa samun guda biyu da suka yarda da juna a kan lokaci ba. In ka tambaye shi wanne ne mai gaskiya, sai ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya dube ka, ya ce duk suna kan hanya.

Tun yana yaro Allah ya ɗora masa cutar son ganin cikin abu. Rediyon mahaifinsa ce ta fara shan wahalarsa, sannan tocilan, sannan keken ɗinkin wata goggonsa, wadda ba ta sake yi masa kallon arziki ba har ta bar duniya. Da duka ya kasa raba shi da halin, sai aka kai shi wurin wani tsoho mai gyaran agogo, aka ce tunda ɓarna yake so, ya je inda ake yin ta da izini. A can ya gane cewa kowa ma zai iya kwance abu, mayarwar ce aiki. Marigayiya matarsa takan ce da a ce mutum yana da noti a ƙeya, da tuni ya kwance ta ya ga abin da ke sa ta faɗa.

Yanzu kowa a waya yake duba lokaci, aikinsa ya koma sa batir da huda maɗauri. Abin bai cika damunsa ba, domin yana da abokiyar hira. Jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa bakinsa ba ya iya kama sunan, sai dai ya ce Ƙarama. Da an tashi daga makaranta shagon take fara zuwa, ta hau kan kujerarsa ta ce masa tsoho mai ido uku, shi kuma ya ce mata uwar surutu, in ba ta sauka ba zai sa ta a kasuwa. Haka suke yi kullum, ba wanda ya taɓa gajiya.

Ranar da ƙasa ta girgiza, da hantsi ne, yana cikin sa wa wani agogon hannu batir. Da farko ya ɗauka tanka ce ke wucewa. Sai ya ga ruwan kofinsa yana rawa, ƙananan notina suna tafiya a kan tebur su kaɗai, mai zare tana salati tana neman takalmi. Kowa ya fice zuwa titi. Shi kuwa, wannan bawan Allah da ya haifi 'ya'ya har ya ga jikoki, tsayawa ya yi baki buɗe yana kallon bango. Abin da ya tsayar da shi, manyan agogunan nan masu ƙarfen lilo ne: na bangon hagu duk sun tsaya cak, na bangon ƙurya kuwa suna ta aikinsu kamar ba abin da ya faru. Sai da mai gyaran waya ya finciko rigarsa sannan ya fito, yana fitowa ma yana waiwaye.

Ba a rasa rai ba. Wasu bangaye sun tsage, kwanuka sun zube, aka kwana biyu ana gardama a layin. Wani ya ce masu fasa dutse ne, wani ya ce yawan haƙar rijiyar burtsatse ne ya rarake ƙasa, wani ya ce zunubi ne, kuma ya faɗa yana kallon maƙwabcinsa. Amma a ajin su Ƙarama wani dogon kabad na littattafai ya kife, gilashinsa ya tarwatse, yara suka yi ƙofa gaba ɗaya suka cushe. Ƙarama ta faɗi a tsakiyarsu, aka tattake mata hannu. Hannun ya warke da wuri, yarinyar ce ba ta dawo daidai ba.

Daga ranar ta ƙi shiga aji. Za ta yi wanka, ta sa kayan makaranta, ta je, amma a bakin ƙofa take tsayawa ƙememe. An lallashe ta, an yi mata tsawa, ba abin da ya motsa ta. Malamar kimiyyarsu, wata doguwar mata mai yawan dariya da alli a gefen hannun riga, ita ce ta sa aka ajiye mata kujera a tsakar makaranta daidai taga, ta riƙa jin darasi daga waje da littafi a cinya. Shagon kakanta ma ta daina shiga, sai dai ta tsaya a titi ta gaishe shi kamar baƙuwa.

Babanta direban babbar mota ne, mutum mai son a gama magana kafin ya kama hanya. Ya samu mahaifinsa a shago ya ce, "Baba, wannan abu ba zai yiwu ba. Damina na zuwa, a waje za ta yi karatun? In aka yi hutu ba ta shiga aji ba, wurin goggonta zan kai ta, ta yi makarantar a can. Can ƙasa ba ta rawa."

Garin goggon tafiyar yini guda ce. Mai Agogo ya ci gaba da goge wani murfi da ya riga ya goge. Amma ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma ya ji tsoro, domin ya san in yarinyar ta tafi, shagon zai zama ɗakin ajiye ƙarafa kawai.

Ana cikin haka makaranta ta kira taron iyaye da masu sana'ar unguwa. Malama ta zo da dafaffen ƙwai, ta ƙwanƙwasa shi a tebur har ɓawon ya tsattsage, ta ɗaga ta ce haka bayan duniya yake, ɓangare-ɓangare ne, kuma ɓangarorin suna matsar juna a hankali, a hankali. In suka cije suka daɗe, wata rana sai su suɓuce, shi ne mu a sama muke jin girgiza. Mai Agogo ya matso har gaban tebur don ya ga ƙwan da kyau. Ya tambaye ta batun agogunansa, ta yi tunani, sannan ta ce wataƙila ƙasar ta motsa ne ta fuskar da na bangon hagu suke lilo, ta rikita musu tafiya. Ta ce ba ta da tabbas, amma za ta so ta zo ta gani. Bai taɓa jin malami ya ce ba shi da tabbas ba, nan take matar ta kwanta masa a rai.

Aka raba aiki. Kafinta zai ɗaure kabad-kabad a jikin bango, magini zai duba tsagu, mai walda zai juya ƙofofin aji su riƙa buɗewa ta waje. Sannan za a yi atisaye, yara da iyaye tare. A ƙarshe Malama ta ce tana da burin yaran su ga na'urar girgizar ƙasa da idonsu, ko da ta gida ce, kuma tana neman wanda ya san kan injin agogo. Kafin ta rufe baki hannunsa yana sama.

To, a nan ne tsohon ya yi wa kansa. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin agoguna, a wurinsa duk abin da ke da haƙora da sifirin aikinsa ɗaya ne, ya gaya maka lokaci kafin lokacin ya same ka. Bai tambaya ba, bai jira bayani ba. Yana fitowa ya tarar da Ƙarama a kan kujerarta, ya durƙusa gabanta.

"Uwar surutu, an ba ni aiki. Agogo zan ƙera na girgizar ƙasa."

"Me zai yi?"

"Kin san mai ƙararrawar nan da ke tashin babanki? Irinsa ne. Kafin ta zo zai buga, ku fito a tsanake, ku bar ta ta yi rawarta ita kaɗai."

Ta ɗago kai ta dube shi. "Da gaske, Kaka?"

"Na taɓa ce miki zan gyara abu ya gagare ni?"

"To in ka gama zan shiga," in ji ta.

Malama ta zana masa hoton abin a takarda: ƙarfe mai nauyi a rataye, biro a ƙasansa, gwangwani naɗe da takarda yana juyawa a hankali a ƙarƙashin biron. Ya ce ya gane. Ya rufe shago rabin yini, ya kwance wani tsohon agogon bango da mai shi ya manta da shi tun shekarun baya. Injin ya juya gwangwanin madara sumul, ba gargada. Da ya zo kan ƙarfen, sai ya ga abin kunya ne ya rataye shi haka kawai kamar tsumma a igiya. Ƙarfen da ba ya lilo, a sana'arsa, sunansa mataccen agogo. Don haka ya ƙara masa 'yan haƙora da ƙugiya, ya daidaita shi har ya riƙa kaiwa da komowa cikin natsuwa, biron yana zana kyawawan layuka masu lanƙwasa, kowane daidai da ɗan'uwansa. Ya ɗauko shi a baro zuwa makaranta, yana tafe yana amsa gaisuwa kamar mai rakiyar ango.

Malama ta zagaya abin, ta sake zagayawa, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa bango.

"Baba, ka yi haƙuri, wallahi ba raini ba ne. Aikin ya yi kyau. Amma wannan ai kullum cewa zai yi ana girgizar ƙasa."

"Ba lilo ake so ba?"

"Tsayawa ake so ya yi."

"Ya tsaya? To in ya tsaya, wa zai yi rubutun?"

Ta ɗauko kujera, ta ɗaura dutse da zare a jikinta yana reto, ta jira ya natsu. Sannan ta fizgi kujerar gefe da sauri. Kujera ta tafi, dutsen ya yi jinkiri a inda yake, sai daga baya ya biyo. Ta ce, "Ka gani? Abu mai nauyi ba ya son a tashe shi. In ƙasa ta motsa, ɗaki zai motsa, tebur zai motsa, takarda za ta motsa, shi kuwa yana nan. Takardar ce ke zuwa ta goga kanta a bakin biro."

Mai Agogo ya karɓi kujerar ya fizga da kansa. Ya sake fizga. Ya durƙusa ya sa ido daidai dutsen ya ce ta fizga masa. Duk rayuwarsa bango ne a tsaye, ƙarfe ke tafiya, yau ga wata ta juya masa duniya, kuma abin haushin ma gaskiyarta ne. Daɗi ya kama shi irin wanda rabonsa da shi tun ranar da ya fara buɗe rediyon mahaifinsa. Ya cire haƙoran da ya ƙara da hannunsa, yana cirewa yana tsaki yana dariya. Da ƙarfen ya ƙi daina reto in an taɓa shi, suka gwada ruwa, suka gwada auduga, daga ƙarshe bakanike ya ba su baƙin mai a gwangwani, suka tsoma wutsiyar ƙarfen a ciki, ya natsu. Aka kafa na'urar a ƙasan ɗakin ajiya, yara suka yi layi suna tsalle a gefenta, biron yana yin ɗan tsittsigen zane, suna ihu. Ƙarama tana leƙe daga nesa.

Yana tattara kayan aikinsa ne ya ce, "Saura ƙararrawa. A ina za mu sa ta, yadda za ta buga tun da sauran lokaci?"

Malama ta daina murmushi. "Wane lokaci, Baba?"

"Kafin ta zo mana."

"Ba ta faɗin abin da zai zo. Abin da ya riga ya faru take rubutawa." Ta zauna a kan benci. "Babu na'urar da ta san ranar, ko a ina ne. Akwai wuraren da manyan na'urori ke jin ta fara a nesa, su aika gargaɗi, mutane su samu ɗan abin da bai fi a shiga ƙarƙashin tebur ba. Amma a ce gobe ko anjima, har yanzu masana ba su kai nan ba. Suna dai nema."

Ya gaya mata abin da ya faɗa wa jikarsa. Ta rufe baki da hannu. Ta ce in yana so ita za ta yi mata bayani, ya ce a'a, bakin da ya ɗaura shi zai kwance.

Faɗa ne da sauƙi. Ya yi kwanaki yana kewaye maganar. Shaiɗan har ya kawo masa shawara mai kyan gani: ya liƙa wata ƙararrawa a jikin abin, wadda ba a haɗa ta da komai ba. Yarinya za ta shiga aji, babanta zai bar maganar goggo, wataƙila ƙasar ba za ta sake motsi ba sai ta yi aure. Har ya ɗauko ƙararrawar ya goge ta. Abin da ya hana shi, ya tuna cewa duk wanda ya dogara da ƙararrawa ba ya koyon abin da zai yi in ba ta buga ba. Ya hango ta zaune a aji hankali kwance, rufi yana kaɗawa, ita tana jiran agogon kakanta. Ya mayar da ƙararrawar cikin akwati.

Ana gobe atisaye ya tare ta a hanyar gida, suka tsaya a inuwar wata katanga.

"Ƙarama, abin nan da na ƙera, ba zai buga kafin ta zo ba."

"Bai gyaru ba ne?"

"Ya gyaru. Ni ne ban fahimta ba, na yi saurin baki. Ba wanda ya san lokacinta, ni ma ban sani ba, Malama ma ba ta sani ba."

"Ka ce ba abin da ke gagarar ka."

"Wannan ya gagare ni."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta ce, "Ashe kai ma ƙarya kake yi," ta wuce gaba. Ya bi ta a baya har gida. Ya san da hannunsa ya kwance abu ɗaya tak da zai sa ta shiga ajin, ga hutu ya matso.

Washegari iyaye suka cika makaranta. Aka ce kowa ya zauna kusa da ɗansa a aji, in an busa usur a yi abu uku: a durƙusa, a shige ƙarƙashin tebur a kare kai da wuya, a riƙe ƙafar tebur har sai an sake busawa, sannan a fita a layi ba gudu. Mai Agogo ya shiga ajin su Ƙarama shi kaɗai, ya zauna a wurinta da ba kowa. Ita tana waje a kan kujerarta, ta juya masa ƙeya. Maimakon ya saurari bayanin, hankalinsa ya tafi kan sababbin ƙarafan da kafinta ya ɗaure kabad da su, yana lissafin ko notin sun isa.

Usur ya tashi. Yara suka ɓace ƙarƙashin tebura kamar an share su, iyaye mata suka bi da ƙyar suna dariya. Mai Agogo ya miƙe tsaye tukuna, wanda shi ne abu na farko da aka ce kada a yi. Da ya ga shi kaɗai ne a tsaye, ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya tura ƙafafunsa da gindinsa ƙarƙashin tebur, ya bar kansa da wuyansa a waje, daidai ƙarƙashin gilashin taga, hannu biyu dafe da hularsa kada ta faɗi. Ba da gangan ya yi ba. Iyakar iyawarsa ke nan, kuma abin ba kyan gani.

Sai ya ji muryarta ta taga. "Kaka, ba haka ba ne. Kai ake fara sawa."

Ya yi ƙoƙarin juyawa, kafaɗarsa ta cije a jikin benci, ya kasa gaba ya kasa baya.

"Kan naka, Kaka. Gilashi ne a samanka."

Bai ga shigowarta ba. Ƙarar takalmi kawai ya ji, sai ga ta a ƙasa kusa da shi. Ta fizge hular ta jefar, ta danna kansa ciki da ƙarfin da bai san tana da shi ba, ta kama hannunsa ɗaya ta ɗora masa a ƙeya, ɗayan ta kai shi ƙafar tebur. Duk abin da aka koyar a ajin ashe ta taga ya shiga kunnenta. Ta matsa ta shige gefensa ta riƙe ɗaya ƙafar. Yana jin numfashinta sama-sama.

Ya yi ƙasa da murya. "Kina jin tsoro?"

"Ina ji."

"Ni ma."

"Kar ka yi min magana, ban huce ba. Riƙe da kyau."

Ya riƙe da kyau. Aka busa usur na biyu, sai da yara biyu suka taimaka aka zaro shi, aka fita tsakar makaranta a layi, aka ƙirga kowa. Hedimasta ya yi jawabin da ya fi atisayen tsawo. Da aka buga ƙararrawar komawa aji, iyaye suka fara watsewa, Mai Agogo ya tsaya yana kaɗe ƙurar gwiwarsa, yana satar kallo.

Ƙarama ta je bakin ƙofar ajin ta tsaya. 'Yan ajin suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya har ba saura. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta dubi kabad, ta daɗe a haka. Malama tana ciki tana goge allo. Sannan yarinyar ta koma ta ɗauko jakarta daga kan kujerar waje, ta rungume ta a ƙirji, ta shiga. Ba ta waiwayo kakanta ba ko sau ɗaya, shi kuwa bai taɓa jin daɗin a ƙi kallonsa irin na ranar ba.